Wa'adin dakatar da lasisin tuƙi ya cika: shi ke nan sai a koma kan titi?

Yayan Direba:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masana a wannan zaure. An dakatar da lasisin ƙanena na tsawon wata 6 saboda makin laifuffukan hanya da suka taru a kansa, kuma wa'adin zai cika a ƙarshen wata mai kamawa. Shi a fahimtarsa, ranar da wa'adin ya cika sai kawai ya ɗauki makulli ya koma bakin aikinsa, tunda ya riga ya yi zaman hukuncin da aka yanke masa. Ni kuwa hankalina bai kwanta da wannan lissafin ba, domin na sha jin cewa ana kama mutum da laifin tuƙi ba lasisi alhali wa'adinsa ya daɗe da wucewa. Mene ne gaskiyar lamarin, kuma waɗanne matakai ake bi kafin lasisi ya dawo?

Barista:
Wa alaikumus salam. Malam, rashin kwanciyar hankalinka yana kan hanya. Dokokin sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, a wasu ƙasashen ma daga jiha zuwa jiha, amma a mafi yawan wurare cikar wa'adi daban, dawowar lasisi daban. Abin da jami'i yake dubawa idan ya tsayar da mota shi ne abin da ke rubuce a kundin hukumar ba da lasisi, kuma idan hukuncin yana ɗauke da sharuɗɗa, kundin zai ci gaba da nuna cewa an dakatar da mutum har ranar da ya cika su aka shigar da bayanin cikawar.

Abu na farko shi ne a ɗauko takardar hukuncin a karanta ta a tsanake, a gane ko dakatarwa aka yi ko sokewa. Wanda aka dakatar, izininsa yana nan, an dai hana shi amfani da shi na wani lokaci. Wanda aka soke wa, izinin ya mutu, kuma bayan wa'adi abin da zai yi shi ne neman sabo, wanda hukuma tana iya ba shi tana iya hana shi. Jamus ta raba su a fili: akwai haramcin tuƙi na ɗan lokaci, inda ake ajiye lasisin a mayar wa mai shi bayan 'yan watanni ba tare da wata jarrabawa ba, akwai kuma ƙwace izini baki ɗaya, inda kotu take sanya wa'adin da ba za a ba mutum sabo ba, daga wata 6 zuwa shekara 5. A Birtaniya kuma an ɗora iyakar ne a kan kwana 56. Idan haramcin bai kai haka ba, mutum zai koma tuƙi da tsohon lasisinsa, amma idan ya kai ko ya wuce, wajibi ne ya nemi sabon lasisi kafin ya taɓa sitiyari. Ka ga da a can ƙanenka yake, wata 6 ɗin nan sun riga sun sa shi cikin masu neman sabo.

Ka dubo mana abin da takardar ta ce: wa ya yanke hukuncin, kotu ce ko hukuma, a kan wane dalili, kuma waɗanne sharuɗɗa aka gindaya.

Malamar Koyar da Tuƙi:
Ina so in ƙara a kan bayanin Barista game da sake jarrabawa, domin nan ne nake haɗuwa da irin waɗannan mutane. A Birtaniya, bisa dokar sababbin direbobi ta 1995, wanda ya tara maki 6 cikin shekara 2 na farko bayan ya ci jarrabawa, soke lasisinsa ake yi, ya koma matsayin ɗan koyo, ya sake jarrabawar ƙa'idojin hanya da ta tuƙi. Wanda kuma aka samu da laifin tuƙin ganganci, jarrabawa mai tsawo ake sa shi, wadda ta fi wadda aka saba ɗaukar lokaci sosai. A Faransa, inda ake amfani da tsarin maki tun 1992, ana ba direba maki 12 ne ana cirewa a hankali, kuma idan suka ƙare sai lasisin ya lalace, ya jira wata 6, ya je gwajin likita da na ƙwaƙwalwa, sannan ya sake jarrabawa.

Abin da nake gani da idona shi ne, direban da ya shekara goma sha yana tuƙi ya fi ɗan koyo hatsarin faɗuwa wannan jarrabawa idan ya raina ta. Yana shiga mota sai ya ɗora hannu ɗaya a kan sitiyari, ya duba madubi da wutsiyar ido yadda mai jarrabawa ba zai ga ya duba ba, ya iso alamar tsayawa ya rage gudu kawai ya wuce ba tare da tayoyin sun tsaya cik ba. Shi a wurinsa ƙwarewa ce, a takardar mai jarrabawa kuwa kowanne kuskure ne da ake ƙirgawa. Shawarata ga duk wanda aka ce zai sake jarrabawa ita ce ya ajiye girman kai ya zauna da malami na 'yan sa'o'i, a nuna masa ɗabi'un da suka zame masa jiki har ba ya ganinsu.

Yayan Direba:
Na gode ƙwarai, Barista da Malama. Na karɓo takardar na karanta. Dakatarwa ce daga hukuma, ba daga kotu ba, kuma ba a ce zai sake jarrabawa ba. Sai dai a shafi na biyu, wanda shi bai taɓa karantawa ba, an rubuta cewa sai ya halarci kwas na gyaran tuƙi ya kawo shaidar kammalawa, ya biya sauran tarar da ake binsa, sannan ya biya kuɗin mayar da lasisi. Har yanzu bai yi ko ɗaya ba. Na kuma gano cewa ya tashi daga gidan da adireshinsa yake a kan lasisin, saboda haka ba mu san ko an aika masa wasu takardun can ba.

Barista:
To, Malam, ga aikin nan a gabanku, kuma kada ku jira wa'adi ya cika. Wuraren da ke ba da irin wannan kwas sukan cika, kuma shaidar kammalawa takan ɗauki lokaci kafin ta isa hukuma, saboda haka ya yi rajista tun yanzu, bayan ya tabbatar cewa wurin yana cikin waɗanda hukumar ta amince da su. Maganar adireshi kuwa ba ƙarama ba ce. A wurare da yawa, da zarar hukuma ta aika takarda zuwa adireshin da mutum ya ba ta, doka tana ɗauka an sanar da shi, ko ya gani ko bai gani ba. Ya gyara adireshin, sannan ya nemi a ba shi cikakken kwafin kundin tuƙinsa, domin sau da yawa akan tarar da dakatarwa ta biyu a ƙarƙashin ta farko, misali ta rashin halartar kotu a kan wata tara, kuma kowace sai an warware ta da kanta. Bayan ya gama komai, ya adana kowane rasit, kuma kada ya tuƙa sai ya riƙe rubutacciyar shaida cewa an mayar da izinin.

Tsohon Direban Tirela:
Ni fa, 'ya'yana, akwai abin da yake ci mini tuwo a ƙwarya a wannan tsarin, kuma zan faɗe shi. Na yi rayuwata a kan hanya, na san abin da lasisi yake nufi ga mai iyali. An tsayar da mutum wata 6 ba ya aiki, a cikin watannin nan ya cinye ɗan abin da ya ajiye, sannan a ranar da zai koma a ce ya kawo kuɗin tara, da kuɗin kwas, da kuɗin mayarwa. Daga ina zai samo su, alhali hanyar samun ce aka toshe? Na ga abokan aiki da wannan ya jefa su cikin halin da ba su fita ba: mutum ya kasa biya, yunwa ta matsa, ya saci jiki ya ɗauki lodi, a kama shi, a ƙara masa wa'adi da tara, bashin ya ninka. Mai hali kuwa laifinsu ɗaya, amma ya biya a rana guda ya wuce. Ban ce kada a hukunta mai laifi ba, amma hukuncin da tsawonsa ya dogara da nauyin aljihu bai yi mini kama da adalci ba.

Ma'aikaciyar Jinya:
Baba, ina girmama maganarka da shekarunka a kan hanya, amma ka ba ni dama in faɗi abin da muke gani a ɗakin karɓar masu haɗari. Makin nan ba daga sama suke faɗowa ba. Kafin mutum ya kai iyakar, ya yi gudun wuce ƙima ba sau ɗaya ba, ya keta danja, ya riƙe waya yana tuƙi, kuma kowane karo an gargaɗe shi. A Birtaniya sai an tara maki 12 cikin shekara 3 ake hana mutum tuƙi na aƙalla wata 6, a Jamus sai maki 8 ake ƙwace izini. Wannan ai dogon uzuri ne. Mu kuma muna karɓar yaron da aka kwaso daga bakin titi, takalmin makarantarsa ɗaya a ƙafa, ɗayan an baro shi can, mahaifiyarsa tana tsaye a bakin ƙofa tana tambayar kowa ko yana numfashi. Ita ma tana da iyali, kuma ba wanda ya ba ta wa'adin da ɗanta zai dawo. Idan komawa kan titi ta zama abu mai sauƙi, dakatarwar ta zama hutu kawai, kuma ina tsoron ranar da za a sassauta sharuɗɗan saboda tausayi mu ne za mu ga sakamakon.

Barista:
Ina ganin Baba da Malama ma'aikaciyar jinya kowannensu yana magana ne a kan rukunin mutane daban, kuma kuskuren dokoki da yawa shi ne haɗa su a ma'auni ɗaya. Akwai wanda aka dakatar saboda tuƙinsa haɗari ne ga jama'a, akwai kuma wanda aka dakatar saboda bashi. A Amurka an daɗe ana amfani da lasisi wajen karɓar bashi: rashin biyan tarar kotu yana jawo dakatarwa a jihohi da dama, kuma tun dokar tarayya ta 1996 aka wajabta wa jihohi su tanadi ikon dakatar da lasisin wanda ya ƙi biyan kuɗin ciyar da 'ya'yansa. Wannan mutumin ƙila bai taɓa keta danja ba. Shi ya sa aka yi ta ƙorafi irin na Baba, har jihar Kalifoniya ta daina dakatarwa saboda rashin biyan tara a 2017, jihar Bajiniya ma ta soke nata a doka a 2020. Tun 1971 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke cewa lasisin da aka riga aka bayar yana iya zama abin da rayuwar mutum ta dogara a kai, don haka ba a karɓe shi ba tare da an ba shi damar kare kansa ba.

A ra'ayina, sharaɗin da yake gwada ko mutum ya gyaru, kamar kwas da jarrabawa da gwajin likita, ya kamata ya tsaya da ƙarfinsa kamar yadda Malama take so. Sharaɗin da kuɗi ne zalla kuwa ya kamata a yarda a biya shi kashi-kashi mutum yana aiki. Wurare da yawa suna da wannan tsarin biya a hankali, amma ba kasafai ake tallata shi ba, sai wanda ya tambaya. Malam Yayan Direba, ku tambaya.

Tsohon Direban Tirela:
Barista, na yarda da wannan rabon da ka yi. Malama, Allah ya saka miki da alheri a kan aikinki, ban musa ko kalma ɗaya daga abin da kika gani ba. Sai dai ina tambaya: ba a iya ba mutum izini mai iyaka, daga gida zuwa wurin aiki kawai, ya riƙa ciyar da iyalinsa yana cika sharuɗɗan?

Barista:
Ana yi a wasu wuraren, Baba. Jihohin Amurka da yawa suna ba da lasisi mai ƙaidi, wanda aka rubuta wa sa'o'i da wuraren zuwa, kamar aiki da makaranta da asibiti, kuma idan laifin na maye ne sukan haɗa da na'urar hura numfashi da ake ɗaura wa mota, wadda ba za ta bar injin ya tashi ba idan ta ji barasa, kuma takan sake neman a hura ana cikin tafiya. Amma ga direban manyan motoci labarin ba shi da daɗi, domin irin wannan sassaucin a can bai shafi tuƙin manyan motocin kasuwanci ba. Birtaniya ba ta da lasisi mai ƙaidi irin wannan. Abin da take da shi shi ne damar roƙon kotu tun kafin a yanke haramcin maki, idan mutum ya nuna cewa zai jawo wahala ta musamman, musamman ga wasu da suka dogara da shi, kuma rasa aiki kaɗai ba lalle ya isa hujja ba. Idan haramcin mai tsawo ne, ana iya komawa kotun da ta yanke shi a nemi ta ɗage bayan shekara 2 idan bai kai shekara 4 ba, ko bayan rabin wa'adin idan tsakanin shekara 4 da 10 ne.

Likita:
Tunda an taɓo maye, bari in yi bayanin ɓangarenmu, domin nan ne mutane suka fi yin asarar lokaci. Idan dalilin ƙwace lasisi barasa ce ko ƙwaya, hukuma ba ta gamsuwa da cewa watanni sun wuce, so take ta ga shaidar cewa halin ya sauya. A Jamus, wanda aka kama da barasa mai yawa a jini, daga 1.6 cikin dubu zuwa sama, sai ya wuce wani bincike da ya haɗa gwajin likita, da gwajin saurin mayar da martani a kwamfuta, da doguwar tattaunawa da masanin halayyar ɗan Adam. Sau da yawa ana neman shaidar ƙaurace wa maye ta wata 6 ko shekara guda, ta hanyar gwajin gashi ko fitsari a wurin da aka amince da shi. Wanda ya zauna har wa'adinsa ya cika sannan ya fara tara wannan shaida ya ƙara wa kansa shekara da hannunsa. A tattaunawar kuma, wanda ya ce tsautsayi ne na rana ɗaya ya fi kusa da faɗuwa a kan wanda ya bayyana yadda shansa yake da abin da ya sauya a rayuwarsa. A Birtaniya ma, wanda aka samu da laifin tuƙi cikin maye sau biyu cikin shekara 10, ko ya ƙi ba da samfurin gwaji, ba a mayar masa da lasisi sai likitan hukuma ya duba shi tare da gwajin jini.

Akwai kuma waɗanda ba su yi laifin komai ba, rashin lafiya ce ta raba su da lasisi, kamar farfaɗiya ko raunin gani. A Birtaniya mai farfaɗiya yakan jira shekara guda ba tare da ta tashi ba kafin ya koma tuƙin ƙaramar mota, ƙa'idar manyan motoci kuwa ta fi haka tsanani nesa ba kusa ba. Roƙona ga irin waɗannan shi ne kada su ɓoye wa likita tashin ciwon don lissafin watanni ya tafi daidai, domin da wannan bayanin ne ake daidaita magani.

Sabon Mamba:
Ku gafarce ni, amma me zai hana mutum ya je wata jiha ko wata ƙasa ya yi sabon lasisi ya huta da duk wannan? Akwai kuma masu cewa suna da hanya a cikin ofis, suna iya goge dakatarwar daga kwamfuta.

Barista:
Malam, ina roƙonka kada ka ba kowa wannan shawara. Amurka tana da kundin ƙasa na direbobin da aka dakatar ko aka soke wa lasisi, kuma kowace jiha tana duba shi kafin ta ba da sabo. A Tarayyar Turai, dokar lasisi ta 2006 ta ce ƙasa ta ƙi ba da lasisi ga wanda aka dakatar ko aka ƙwace wa nasa a wata ƙasar tarayyar, kuma sai mutum yana zaune a ƙasa aƙalla kwana 185 a shekara take ba shi. Ko a inda kundin bai haɗu haka ba, takardar neman lasisi takan tambaya ko an taɓa dakatar da kai, kuma amsar ƙarya laifi ne mai zaman kansa. Masu cewa suna da hanya kuwa, mafi yawansu kati suke bugawa wanda ba shi da asali a kundi, kuma ranar da aka duba lambar, mai riƙe da katin ne zai amsa tuhumar jabu, ba wanda ya buga ba.

Ma'aikacin Inshora:
Saura ɓangare ɗaya da ba a taɓa ba, kuma yana iya mayar da mutum baya bayan ya gama komai. A jihohin Amurka da yawa ba a mayar da lasisi bayan manyan laifuffuka sai kamfanin inshora ya aika wa hukuma takardar da ake kira SR-22, wadda take shaida cewa direban yana da inshorar da doka ta wajabta, kuma galibi ana riƙe ta shekara 3. Idan mutum ya yi sakaci inshorar ta yanke, kamfanin da kansa zai sanar da hukuma, a sake dakatar da lasisin, a wasu jihohin ma a fara ƙirga shekarun daga farko.

Ko a inda babu wannan takarda, kamfani yakan tambayi tarihin tuƙi idan za a sabunta inshora, kuma wanda ya ɓoye dakatarwa don kada kuɗinsa ya hau ya ba kamfanin hujjar ƙin biyansa ranar da haɗari ya faru. Haka wanda ya tuƙa a tsakanin cikar wa'adi da ranar da aka mayar da izini a kundi: idan ya yi karo a wannan ɗan tsakanin, a idon doka ba shi da lasisi, kuma ana iya bin sa diyyar daga aljihunsa. Malam Yayan Direba, tunda ƙanenka motar aiki yake tuƙawa, ya kai wa mai motar kwafin shaidar mayar da lasisin kafin ranar da zai fara, domin shi ma ya sanar da kamfanin inshorarsa a sake sanya sunansa cikin direbobin da inshorar ta rufe.